Kurakuran da ɗaliban likitanci suka fi yi a fostin ɗin Medisin

Karatun likita a jami'o'inmu shekara shida ne, kuma ukun ƙarshe a asibiti ake yin su. Ko a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya kake, ko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Sakkwato, ko Maiduguri, tsarin kusan iri ɗaya ne. Za a raba ku rukuni-rukuni, a haɗa kowane rukuni da tawagar wani babban likita, a riƙa zagayawa da ku sashen zuciya, da ƙoda, da huhu, da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da ciki da hanta, da ciwon suga, da fata. A ganina babu fostin ɗin (wato lokacin koyon aiki a wani sashen asibiti) da ɗalibai suka fi yin asararsa kamar na Medisin, sashen cututtukan manya da ake yi wa magani ba tare da tiyata ba, domin ba shi da abin kallo irin na tiyata ko ɗakin haihuwa. Aikinsa tambaya ne da dubawa da tunani, sannan a dawo gobe a ga abin da ya canza.

Uwar kurakuran ita ce zuwa wod, wato ɗakin kwanciyar marasa lafiya, don sa hannu. Ɗalibi ya iso ana dab da fara raun, wato zagayen duba marasa lafiya, ya tsaya can baya inda ko muryar babban likita ba ya ji sosai, ana gamawa ya miƙa littafinsa a sa masa hannu, ya wuce laburare. A zuciyarsa karatu yana can, wod kuwa ɓata lokaci ne. Gyaran wannan ba wuya: a kowane lokaci ka kasance kana da majinyaci biyu ko uku da suke naka. Kai ka ɗauki tarihinsu, kai ka duba su, ka riga tawaga zuwa da safe ka ga yadda suka kwana, ka bi sakamakon gwajinsu har ɗakin gwaje-gwaje, ka san ranar da aka canza musu magani da dalilin canjin, har ranar sallama. Da daddare abin da ke damun su za ka karanta. Wanda ya bi mai gazawar zuciya guda ɗaya tun yana haki a zaune har ya iya kwanciya, ya ga kumburin ƙafa yana saɓewa, nauyi yana raguwa kullum a kan sikeli, ba zai ƙara manta aikin furosemide, maganin da ke fitar da ruwan jiki ta fitsari, ba.

Daga nan sai kwafar fayil. Ana cewa ka ɗauki tarihin mai gado na kaza, sai ka fara buɗe abin da rajistara, wato likita mai neman ƙwarewa a ƙarƙashin babban likita, ya rubuta, ka ga sunan cuta, sannan ka je wurin mara lafiya kana neman abin da zai tabbatar da ita. Ka cuci kanka sau biyu. Ba ka koyi kai kanka ga amsa ba, kuma idan wanda ya fara rubutun ya yi kuskure, ka zama mai yaɗa shi. Ka ga mutum tukuna, ka rubuta cututtuka uku da kake zargi, sannan ka buɗe fayil ka gwada tunaninka da na manyanka. Ranar jarrabawa babu fayil.

Ɗaukar tarihi shi ne wurin da nake so in daɗe, don a nan ɗan Hausa yake da abin da littafi ba zai ba shi ba, amma sai ya jefar. Littattafan da muke karantawa an rubuta su ne don mutanen da ke kwana kan gado da matasai, suna hawa bene. Sai ka ji ɗalibi yana tambayar dattijon da ya zo daga ƙauye matashin kai nawa yake kwana da shi, alhali a tabarma yake kwana. Abin da kake son sani shi ne ko numfashi yana tsananta in ya kwanta. To ka tambaye shi kai tsaye: "Baba, kuna iya kwanciya rigingine, ko sai kun jingina da bango?" Maimakon hawa bene, tambaye shi ko yana kaiwa masallacin unguwa ba tare da ya tsaya hutawa ba, ko yana iya sujada, ko har yanzu yana zuwa gona, kuma yaushe ya daina. Mace ka tambaye ta shara da daka da ɗiban ruwa. Wannan ne ma'aunin da zai nuna maka yadda ciwon yake ci gaba.

Haka kuma kada ka karɓi sunan cuta daga bakin mara lafiya ka rubuta ka wuce. In ya ce basir ne, ko ulsa, ko sanyi, ko taifod, ka ce ya faɗa maka abin da yake ji. A ƙarƙashin basir za ka iya tarar da zubar jini, ko gudawa ta wata da watanni, ko rama, kuma kowanne hanyarsa daban. Mai cewa ulsa ce, in dattijo ne mai hawan jini da suga kuma zafin yana tasowa ne in ya yi tafiya, zuciyarsa ya kamata ka fara tunawa.

Tambayar magani ma akwai yadda ake yin ta. "Kuna shan wani magani?" amsarta kusan kullum a'a ce, domin a wurin mutane magani shi ne wanda likita ya rubuta. Ka ce wa mai jinya ya kawo ledar magungunan gaba ɗaya. Ka tambayi na kyamis da sunan da aka san su, na gajiya da na ciwon jiki da na ƙiba. Lebura ko manomin da ya shekara yana haɗiyar maganin ciwon jiki na diclofenac kullum da yamma, ƙodarsa da cikinsa suna da labari. Matashiyar da fuskarta ta yi fam, sukarinta ya hau, wataƙila dexamethasone take sha don ta yi jiki. Jiƙo da sassaƙe da rubutu kuwa, ka tambaya cikin ladabi ba da sigar tuhuma ba. Da zarar an ga ka yamutsa fuska, an daina gaya maka gaskiya.

Ga mace mai haki da kumburi, kada ka bar tambayar yaushe ta haihu. Gazawar zuciya ta lokacin jego tana da yawa a ƙasar Hausa fiye da yawancin sassan duniya. Tun shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka yi rubutu a kanta daga Zariya, inda suka danganta ta da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta da shan kunun kanwa. Daga baya an ga matan da ba su yi ko ɗaya ba suna kamuwa, don haka rashin wankan jego bai kore ta ba. Ɗalibin da ya ɗauki kumburin mai jego a matsayin abin da aka saba gani ya bar cuta mai kisa ta wuce ta gabansa.

A wajen duba jiki, kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawar ɗora abin sauraro a ƙirji. Tsaya daga ƙafar gado ka kalli mutum tukuna. Ƙirga numfashinsa minti guda cur, kada ka rubuta 20 don kowa haka yake rubutawa. Sau da yawa saurin numfashi ne alamar farko cewa jiki yana rikicewa. Wajen awon hawan jini ka bar mutum ya huta kamar minti 5, kuma ka sani ƙaramin maɗauri a kan babban hannu yana ba da lamba sama da gaskiya. Hotunan littafi na farar fata ne, abin da suka ce ja ne a jikinmu duhu yake yi. Ƙarancin jini a cikin fatar ido da harshe za ka nema, musamman in lalle ya rufe tafin hannu da farce. Kafin ka taɓa kowa ka yi sallama, ka faɗi cewa kai ɗalibi ne, ka nemi izini, ka ja labule. In mace ce, a samu nas ko 'yar'uwarta a tsaye. Wanda aka yaye masa riga a gaban taro ba a tambaye shi ba, gobe ba zai yarda ɗalibi ya matso ba, kuma yana da gaskiya.

In an zo gabatarwa a raun, akwai abu ɗaya da ba a yafewa: faɗin abin da ba ka duba ba. Babban likita ya tambaya ko saifa ta kumbura, kai kuma ba ka taɓa cikin ba, sai ka ce lafiya lau take don gudun faɗa. "Ban duba ba, ranka ya daɗe" za ta jawo maka magana ta minti biyu. Ƙaryar kuwa tana iya shiga fayil, wani ya gina magani a kanta.

Yadda aka yanka fostin ɗin sashe-sashe yana sa ɗalibi ya ɗauka mutum ma haka aka yanka shi. Yana sashen zuciya, ba ya kallon takardar fitsari. Yana sashen ƙwaƙwalwa, an kawo wanda ya suma, ya tsaya gwajin jijiyoyi bai ce a auna suga ba, alhali sukarin da ya faɗi ƙasa da 3.9 mmol/L ana gyara shi cikin mintuna, in an bar shi kuma ya lalata ƙwaƙwalwa. Mai ciwon suga da ke gabanka a kilinik, ƙafarsa da idonsa da ƙodarsa duk aikinka ne. Sa shi ya cire takalmi ka duba tsakanin yatsu, ka tambaye shi yadda yake yi da magani in azumi ya zo. Mai shan maganin tarin fuka na wata shida, in idonsa ya fara rawaya, hanta ce take kuka da maganin. Jan fitsarin da rifampicin, ɗaya daga cikin magungunan tarin, ke sawa kuwa ba komai ba ne, amma sai ka gaya masa tun farko, in ba haka ba zai tsorata ya ajiye maganin.

Gwaje-gwaje kuma, ɗalibai kan zuba jerin duk abin da suka haddace. A asibitocinmu yawancin mutane daga aljihu suke biya, wani sai ya sayar da akuya ko buhun hatsi. Kowane gwaji ka tambayi kanka: in sakamakon ya fito, me zai canza? Wanne ne na yau, wanne zai iya jira? Gwajin Widal guda ɗaya ba ya tabbatar da taifod, komai yawan masu yin sa. Mai tari sama da mako biyu da rama da gumin dare, majinarsa za a kai gwajin GeneXpert, wanda yake nuna tarin fuka ya kuma nuna ko ta bijire wa rifampicin.

Lafiyarka kai kanka fa? Kada ka fara ɗiban jini ba ka yi rigakafin ciwon hanta nau'in B ba, allura uku ce cikin wata shida. Kada ka mayar wa allura murfinta da hannu biyu. In ta soke ka, wanke wurin da ruwa da sabulu ka sanar nan take. Maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, kuma gara a awannin farko. Kunya ba ta da wuri a nan. Da rani, zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya da na ƙwayoyin cuta, ga ciwon maƙogwaro ko zubar jini, ka tuna da cutar Lassa. Tun da aka gano ta a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, ma'aikatan jinya na cikin waɗanda ta fara kashewa. Sa safar hannu, ka ja baya, ka kira na gaba da kai.

'Yan'uwan mara lafiya za su fi sakewa da kai fiye da babban likita, don kai ne mai tsayawa ka saurare su da harshensu. Za su tare ka a baranda su ce, "Likita, don Allah gaya mana gaskiya." Kada farar riga ta ja ka ka faɗi sunan cuta ko ka yi alkawarin sauƙi. Ka ce musu kai ɗalibi ne, ka kai su wurin rajistara, ka tsaya a yi bayanin a gabanka don ka ji yadda ake yi. Kuma abin da mara lafiya ya gaya maka, ko ƙaninsa ne ya tambaya, sai da izininsa. Hoton fuskarsa ko na fayil mai sunansa ba ya shiga zauren WhatsApp na aji, ko da niyyar karatu ce. In akwai hoton ƙirji ko takardar awon zuciya da kake so abokanka su gani, nemi izinin tawaga, ka rufe suna da lambar asibiti kafin ka ɗauka.