Yadda ake jayayya a kwamitin tsara ƙa'idojin intanet ba tare da cin mutunci ba

Ƙa'idojin da ke sa saƙon imel ya bar wayarka ya isa wata kwamfuta a Japan, mutane ne suka zauna suka yi ta ja-in-ja a kansu kafin a amince. Ƙungiyar IETF, wadda ta fara zama a 1986, ita ke wannan aiki. Tana babban taro sau uku a shekara, kuma ba ta da rajistar mambobi, kowa na iya sa baki. In za ka shiga, ga yadda ake yi.

Fara da karanta daftarin ƙa'idar da ake muhawara a kai tun daga farko har ƙarshe, da abin da aka riga aka tattauna a kansa. Ba abin da ke ɓata wa tsofaffin hannu rai kamar baƙo ya tono maganar da aka binne tuntuni.

Sannan ka ɗora sukarka a kan daftarin, ka ƙyale mai shi. Takardar ladubban ƙungiyar, RFC 7154 ta 2014 (RFC shi ne sunan jerin takardun da ƙungiyar ke wallafawa da lamba), ta jaddada wannan. Kada ka ce wa mutum bai san aikinsa ba. Ce masa: "Malam, sashe na 4 ya ɗauka duk suna da haruffan Turanci ake rubuta shi. Na gwada da suna mai ƙ da ɗ, sai ya dagule. Ga sakamakon, ga kuma gyaran da nake gani." Wannan shi ne matakin da na fi damuwa da shi. Wanda ka kunyata a bainar jama'a zai koma kare kansa ne, kuskuren kuma ya zauna daram a cikin ƙa'idar da miliyoyin na'urori za su bi.

Yi magana da sunanka, domin a can ba a wakiltar kamfani. Da Turanci ake aiki, amma da yawa ba harshen uwarsu ba ne, saboda haka a hankali, ban da habaici. Kalmar da ta yi maka kaushi ma, kyautata zato tukuna, ka nemi a fayyace.

Ka kuma san yadda ake yanke hukunci, don ba a kaɗa ƙuri'a. Wani lokaci shugaban kwamiti kan ce masu goyon baya su yi "hmmm" baki rufe, sai masu adawa, ya auna ƙarfin sautin. RFC 7282 ta bayyana cewa abin nema shi ne a saurari kowace hujja a ba ta amsa, ko da ba a bi ta ba. To in an amsa taka, kada ka yi ta nanata ta.

In kana ganin an danne ka, fara samun shugaban kwamitin, sannan daraktan ɓangaren da kwamitin yake ƙarƙashinsa, sannan IESG, majalisar da ke jagorantar ayyukan ƙungiyar. Cin zarafi kuwa akwai tawaga ta musamman mai karɓar ƙorafinsa a asirce.