Darasi na 9: Yaron da Karatu Ke Ba Wahala

Daga Tudun Wada har Rigasa, da wuya a rasa yaron da ake kira daƙiƙi alhali kansa na ja. Aike shi Kasuwar Barci, zai dawo da canji daidai. Yi masa tatsuniya yau, gobe ya kawo ta tiryan-tiryan. Amma da an buɗe masa littafi sai ya hau kame-kame. Ya karanta "bawa" a wurin "dawa". Kalmar da ya gane a layin sama, a layin ƙasa ta zame masa baƙuwa.

Masana na kiran wannan disleksiya. Ƙwaƙwalwar yaron ce ke shan wuya wajen haɗa harafi da sautinsa. Babu ruwan sammu ko iska a ciki, kuma yakan bi jini, don haka a bincika ko akwai wani kawu da ya yi fama da boko. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin yaro ɗan shekara 14 mai kaifin lissafi da ya kasa karatu. Malaminsa ya ce da a ce da baki kawai ake koyarwa, da shi ne gwanin makarantar.

Kada a yi saurin yanke hukunci. Ƙananan yara da yawa na rikita b da d a farkon shiga makaranta. Idan abin ya ƙi wucewa har aji uku, duk da yana zuwa kullum, a fara duba idonsa da kunnensa a asibiti, sannan a zauna da malaminsa.

A ajiye bulala. Yaron da ake duka a kan littafi, littafin zai tsana.

A gida, fara da Hausa, domin kusan yadda ake faɗinta haka ake rubuta ta, ba kamar Turanci ba. Zuba yashi a faranti. Ya zana "b" da yatsa yana furta sautin, ya shafe, ya sake. Sai an ga ta zauna a kawo "d". Ƙugiyoyin ɓ da ɗ su jira tukuna. Ku riƙa tafa gaɓoɓi tare: ka-su-wa, tafi uku. Minti 10 bayan la'asar ya isa, kuma a tashi tun bai gaji ba.

Daɗin karatu kuwa ta kunne yake shiga. Karanta masa labari, yatsanki na bin layi, ki tsaya inda ya fi daɗi. Idan ya ce, "Umma, sai me ya faru?" ki ce, "Karanta mini layin nan ɗaya, ni in ƙarasa." Ya cije a kalma, faɗa masa ku wuce. Ke ma uwa, in yanzu kike koyon karatu, kada ki ji kunyar yin tuntuɓe a gabansa. In kuna cikin keke napep, ku yi gasar karanta allunan shaguna.

A makaranta, uba ya roƙi malam a keɓe: "Malam, don Allah kada a tsayar da shi karatu gaban aji ba shiri. A ba shi shafin tun ana gobe."

Aikin gida: rubuta kalmomi biyar masu farawa da "b", ku zana su a yashi da yaronku, ku kawo mana wadda ta fi ba shi wuya.