Idan An Dakatar da Lasisinka a Legas: Abin da Za Ka Yi Kafin Ka Sake Taɓa Sitiyari

Lasisin da aka dakatar ba ya canza kama. Katin na nan cikin aljihunka, da hotonka, ranar ƙarewarsa ma da saura. Wannan ne ke ruɗar direbobinmu da yawa, daga masu jan tirela a Apapa har masu ɗauko tumatir zuwa Mile 12. Hukuma kuwa lambar lasisin take bugawa a kwamfuta, abin da rumbun bayanan FRSC, wato hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, ya nuna shi ne magana.

Yawanci ta hanyar maki ake kaiwa ga dakatarwa. A jadawalin laifuffuka na hukumar kiyaye haɗurra, kowane laifi yana da tara da makinsa: rashin ɗaura belet maki 2, gudun wuce ƙa'ida 3, amsa waya kana tuƙi 4, tuƙin ganganci 10. Maki 10 zuwa 14 gargaɗi ne. Daga 15 zuwa 20 a dakatar da lasisin na wani lokaci, 21 zuwa sama a janye shi. Biyan tara ba ya goge maki, nan ne mutane ke shan mamaki. Kotu ma tana iya hana mutum tuƙi kai tsaye, musamman idan an yi haɗari an rasa rai.

Matakin farko shi ne ka ajiye mota. Ko daga Agege zuwa Ikeja ne, a nemo wani mai lasisi ya ja. Laifin tuƙi ba da lasisi mai rai ba a jadawalin FRSC naira 10,000 ne da maki 10, to ka lissafa: mai maki 15 ya ƙara 10 ya zarce 21, dakatarwar wucin gadi ta koma janyewa. Idan kuma kotu ce ta hana ka, ka taka umarninta ke nan, alƙali na iya tura ka gidan yari. Ga kama mota, ga kuɗin janwe, ga kuɗin ajiya da ke hauhawa kullum tana tsare.

Sai ka gano wanda ya dakatar da kai, domin a Legas hannu da yawa ne kan titi. FRSC ta tarayya ce, ofishinta na jiha yana Ojodu. LASTMA, masu kula da zirga-zirgar motoci, da jami'an duba motoci na VIS na jiha ne, suna aiki da dokar sufuri ta 2018, kuma shari'o'insu kan je kotun tafi-da-gidanka da ke Bolade, Oshodi. Duba takardar da aka ba ka ranar kamu: akwai lambar tikiti, sunan laifin da ofishin da ya rubuta. Da ita za ka je, tare da takardun mota da lambar NIN. Idan hukuncin kotu ne, ka nemi kwafinsa a rajistara, ka karanta tsawon wa'adin da idonka ko ka sa lauya ya karanta maka.

Tarar FRSC ta Remita ake biya, a banki ko ta waya, kuɗin ya shiga asusun gwamnati. Kada ka danƙa wa kowa kuɗi a bakin titi, ko da ya rantse zai "wanke" maka suna. Kuɗinka ya tafi, sunanka na nan yadda yake. Ka riƙe rasit, ka ɗauki hotonsa a waya. Za a iya tura ka zaman wayar da kai a ofishin FRSC ko horo a LASDRI, makarantar direbobi ta jihar Legas. Ka je, ka karɓo takardar shaida. Wa'adi ya cika, ka koma a tabbatar maka an buɗe lasisin, a rubuce, kafin ka kunna mota.

Wasu 'yan kamasho za su ce a yi maka sabon lasisi da wani suna ko daga wata jiha. Rumbun ɗaya ne a duk ƙasa, kuma an ɗauki zanen yatsunka da hotonka. Abin da za su kawo maka jabu ne, ka tashi daga laifin hanya ka faɗa laifin takardar bogi.

Alhaji mai mota, kai ma maganar ta shafe ka. Inshora tana aiki ne da sharaɗin direba yana da lasisi mai rai. Yaronka ya bugi motar wani a kan gadar Third Mainland da lasisin da aka dakatar, kamfanin na da hujjar ƙin biya, gyara da diyya su dawo kanka. Kafin ka miƙa makulli, ka karɓi lambar lasisinsa a duba maka ita a shafin lasisi na FRSC ko a ofishin MVAA mafi kusa, wato hukumar rajistar motoci da lasisi ta jihar Legas, ka kuma riƙa maimaitawa duk bayan 'yan watanni.