Asma da juna biyu: kurakuran da mata suka fi yi da magani

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mace ta ga wata ya wuce, sai ta jefa inhela, wato maganin asma na shaƙa, cikin kwaba ta rufe, don uwar miji ko maƙwabciya ta ce magani zai taɓa ɗan. Alhali barin maganin ne ke taɓa shi. Ɗan da ke ciki ba shi da iskar kansa, sai wadda uwa ta shaƙa ta isar masa ta mabiyiya. In ƙirjinta ya toshe, shi ma ya ƙuntata. Asmar da aka yi wa sakaci tana ƙara haɗarin haifar bakwaini, da jariri marar nauyi, da hawan jinin masu ciki. Maganin shaƙa kuwa huhu yake nufa kai tsaye, abin da ke shiga jini kaɗan ne. Salbutamol, wato shuɗin nan Ventolin, da budesonide da beclometasone, an daɗe ana ba masu ciki da masu shayarwa su.

Wasu kuma shuɗin kawai suke riƙewa. Shi aikinsa buɗe hanyar iska idan fuka ta taso. Na kullum, irin su budesonide da beclometasone, wanda likita ya ce a shaƙa safe da dare, shi ke kwantar da kumburin, kuma ana ci gaba da shi ko ana jin garau. In kina neman shuɗin fiye da sau 2 a mako, ki koma wurin likita. Ga kuma yadda ake shaƙar: ki girgiza, ki fitar da numfashi, ki danna daidai lokacin da kike ja a hankali, ki riƙe kamar daƙiƙa 10. Da yawa a harshe suke fesawa, su ce magani ba ya aiki. Bayan na kullum, ki kurkure baki.

Ƙwayar prednisolone ta 'yan kwanaki, in likita ya rubuta don ciwo ya tsananta, a sha. Wadda ake saye a kemis a yi ta sha wata da watanni ita ce matsala. Haka ibuprofen da diclofenac: suna tayar wa wasu asma, kuma ba su dace da tsohon ciki ba. Paracetamol ya fi. In asfirin na taso miki da fuka, ki faɗa kafin a rubuta miki shi.

Mu a Sakkwato ƙurar hunturu kaɗai ta isa, sai kuma a ƙara da turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa, da gawayi a ɗaki rufe. Turaren nan dai a haƙura da shi, Hajiya, ko a kunna a tsakar gida.

Ranar awon farko, ko a Asibitin Koyarwa na Danfodiyo ko a na unguwa, ki ce kina da asma a rubuta a kati, domin cikin magungunan tsayar da jini bayan haihuwa akwai mai shaƙe ƙirji. Inhela ta shiga jakar haihuwa. Kada kuma a kira kowane haki nauyin ciki. In kin shaƙa shuɗin ƙirjin bai sake ki ba, ko ba kya iya ƙarasa magana, ko motsin ɗan ya ragu, a nemi mota a tafi asibiti a daren, ba sai maigida ya ga wayewar gari ba.