DStv, GOtv, StarTimes ko dish na kyauta: wanne ya dace da gidanka a Katsina?

Abin da ake kira kebul a Katsina ba waya ce da kamfani ke jawowa daga ofishinsa zuwa gidanka ba, kamar yadda ake yi a Amurka. Hanya biyu ce kawai hoto ke shigowa ɗaki: ko ta dish mai kallon tauraron ɗan adam, ko ta eriya mai kama sigina daga turken kamfani da ke cikin gari. DStv dish ne. GOtv eriya ce, kuma shi da DStv ubangidansu ɗaya, wato MultiChoice. StarTimes, kamfanin ƙasar Sin da ya shigo Najeriya da haɗin gwiwar NTA a 2010, yana da duka biyun. Sai na huɗu wanda ba shi da ofishi balle kuɗin wata: risiba ta kyauta da dish ɗinta.

Eriya tana da araha, yaro ma zai iya kafa ta, amma iyakarta inda turken ya kai. A cikin birni, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, da sauƙi. A Mashi, Mai'aduwa ko ƙauyukan Daura kuwa, kafin ka ba da kuɗinka ka shiga gidan maƙwabci mai irin dikodar ka gani da idonka ko hoton na tsayawa cak ko yana kakkatsewa. Dish ba ruwansa da nisan gari, sararin sama kawai yake buƙata.

Kada yawan tashoshin da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka. Ana cika lissafin da tashoshin rediyo da na tallan kaya da waɗanda ba wanda zai buɗe a gidan. Ɗauki takarda, ka tambayi uwargida da yara da kanka, ku rubuta tashoshi goma da ake kallo da gaske. Da wannan takardar za ka je wurin dila, ka ce ya nuna maka ƙaramin tsarin da ya ƙunshe su.

Tsarin DStv daga ƙasa zuwa sama su ne Padi, Yanga, Confam, Compact, Compact Plus da Premium. Na GOtv: Smallie, Jinja, Jolli, Max, Supa da Supa Plus. StarTimes na da Nova, Basic, Smart, Classic da Super, wasu na eriya wasu na dish, kuma yana karɓar kuɗin kwana ɗaya ko na mako, abin da ke yi wa wanda kuɗinsa ke shigowa kullum daɗi. Farashi yana hawa kusan kowace shekara, don haka ka tambayi na ranar.

Ƙwallo ce ke raba gardama. Gasar Firimiyar Ingila da Kofin Zakarun Turai suna SuperSport, wato tashoshin wasanni na MultiChoice, kuma ba kowane tsari ke nuna dukkan wasanni ba. Ƙananan tsare-tsare zaɓaɓɓun wasanni suke bayarwa. Mai son ganin Katsina United ya sani cewa StarTimes ne ya ƙulla yarjejeniyar nuna gasar Najeriya a 2023. Izinin nuna gasa na ƙaura daga kamfani zuwa kamfani, saboda haka a farkon kowace kaka ka sake dubawa kafin ka biya na watanni uku a dunƙule. Mai gidan kallo kuma rajistarsa ta kasuwanci ce, daban da ta gida.

Idan abin da ake so a gidan shi ne shirye-shiryen Hausa, wa'azi, tafsirin azumi da kallon Harami, babu dalilin hawa babban tsari. AREWA24 tana kan DStv da GOtv da StarTimes. Africa Magic Hausa ta gidan MultiChoice ce, StarTimes kuma na da tasa tashar Hausa. Tashoshin Saudiyya biyu masu nuna Makka da Madina dare da rana, da tashoshin MBC da sauran na Larabawa, suna Nilesat da Arabsat kyauta. Gidaje da yawa abin da ya fi musu shi ne risiba ta kyauta don kullum, da ƙaramar dikodar biya da ake saka wa kuɗi lokacin ƙwallo. Aibin ta kyauta ɗaya ne: tasha na iya canza mita ba sanarwa, ka tashi da safe ka ga baƙin allo, sai an sake bincike.

Batun dikoda mai naɗar shiri shi ne inda mutane suka fi yin asara. A DStv, ƙaramar HD ba ta naɗa. Explora ce ke naɗa, tana tsayar da shirin da ake yi kai tsaye ka je ka yi salla ka dawo ka ci gaba, kuma kana iya kallon wata tasha tana naɗar wata. Explora Ultra ta ƙara da haɗa intanet ta wifi. Amma akwai abubuwa uku da ba kowane dila ke faɗa ba. Naɗin yana da ƙarin kuɗin wata a kan na tsarinka. Tana buƙatar Smart LNB (LNB ita ce 'yar na'urar da ke gaban dish mai karɓar sigina), ba LNB na tsohon dish ɗinka ba, don haka kuɗin haɗawa ya ƙaru. Sannan abin da ka naɗa a kulle yake cikin dikodar: ba ya kwafuwa zuwa waya ko filashi, kuma in kuɗinka ya ƙare ba za ka kalle shi ba sai ka biya.

Sai babbar matsalar, wuta. Naɗi na nufin dikoda tana kunne a lokacin da ake nuna shirin. Ka saita ta naɗi wasan ƙarfe tara na dare, aka ɗauke wuta tara da kwata, rabin sa'a ma ba ka samu ba. Cikin Explora akwai faifai mai juyawa irin na kwamfuta, kuma yanke masa wuta yana cikin rubutu shi ke lalata shi sannu a hankali: da farko hoton naɗin ya riƙa tsalle, daga baya ya ƙi buɗewa. Wanda ba shi da inbata ko sola, kuɗin Explora gara ya sa su a batir. In kana da su, dikodar ba ta cin wuta sosai. Ita kaɗai ka bari a kan inbata, talabijin a kashe, za ta yi aikinta.

Risiba ta kyauta irin su Strong tana naɗa a filashi ko faifan waje ta kafar USB, ba ƙarin kuɗi. Lissafinsa: sa'a ɗaya ta hoto na yau da kullum tana cin kusan giga 1, ta HD giga 2 zuwa 3, don haka filashi mai giga 32 zai ɗauki sa'o'i goma da 'yan kai na HD. Ka goge filashin daga cikin saitin risibar da kanta kafin fara aiki. Idan tsarinsa FAT32 ne, fayil ɗaya ba ya wuce giga 4, shi ya sa wasu risibobi ke rarraba wasa gida biyu ko uku, wasu kuma su tsaya a nan. Filashin jabu da aka rubuta wa 64 alhali cikinsa 8 ne yana nuna kamar yana naɗa, sai ka zo kallo ka tarar babu komai. Kuma yawancin waɗannan risibobi tuna (sashen da ke kamo tasha) ɗaya gare su: tana naɗa, ba za ka juya zuwa wata tasha ba sai wadda suke mita ɗaya.

Wajen kafa dish, Katsina tana kusan digiri 13 arewa, kuma taurarin duk suna jere ne ta kudancinmu. Na DStv, Eutelsat a digiri 36 gabas, yana gabas maso kudu, tsayinsa sama kusan digiri 54. In ka fuskanci alƙibla, sai ka karkata dama. Na StarTimes a digiri 5 gabas kusan a saman kai yake, ta kudu. Nilesat a digiri 7 yamma yana kudu maso yamma, Arabsat a 26 gabas yana kudu maso gabas. Kada fuskar dish ta yaudare ka: irin mai siffar ƙwai yana kallon sama fiye da yadda ido ke gani da sama da digiri ashirin, shi ya sa reshen darbejiya da kake ganin ya wuce can sama yake tare sigina. Dish mai faɗin santimita 90 ya fi mai 60 jure wa ruwa, kuma Nilesat na son babban dish a nan tunda muna gefen haskensa. Mai son taurari biyu ko uku a risiba ɗaya ya sa 'yar na'urar DiSEqC mai sauya tsakaninsu, ya kashe risiba daga soket kafin ya ɗaura wayarta, don wutar bolt 13 zuwa 18 da ke tafiya cikin wayar tana iya ƙona ta.

A ɗaure ƙafar dish da ƙusoshi a bangon bulo, ko a kafa ƙarfe a ƙasa a zuba masa siminti. Kwanon rufi yana motsi da iska da zafin rana, katangar ƙasa kuma tana sakin ƙusa da ruwan farko. Guguwar farkon damina ita ke kawo wa masu saita dish kasuwa. Waya a sa RG6 mai kyau, guda ɗaya ba gami, a naɗe kan mahaɗin da ke jikin LNB da tef, a kuma lanƙwaso wayar ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗiga waje maimakon ya bi ta zuwa cikin dikoda. Kafin ka sallami mai haɗawa, ka sa ya buɗe maka shafin sigina. Layi biyu ne, ƙarfi da inganci, kuma na inganci ne abin dubawa. Ƙarfi na iya cika alhali dish na kallon wani tauraro daban.

Idan allo ya nuna E48 a DStv ko GOtv, sigina ce babu. In hadari ne ya haɗo, jira ya wuce, kada ka taɓa dish. Ruwa mai ƙarfi yana shanye siginar na 'yan mintuna, hazon hunturu kuwa ba ya yi mata komai. In sama fes take, duba mahaɗin waya ko ya yi tsatsa, sannan dish ko ya goce. E16 kuɗi ne: ko ya ƙare, ko tashar ba ta cikin tsarinka, ko ka biya dikoda na kashe saƙon bai same ta ba. Na ƙarshen shi ya fi yawa a nan, don ana biya da rana babu wuta. Kunna dikodar tukuna, sannan ka share kuskuren ta manhajar kamfanin a waya. Da an fara tsawa kuma, zare filogi da wayar dish duka, don ta wayar dish ma aradu ke shigowa ta cinye dikoda da kafar HDMI ta talabijin.