Yadda ake fitar da sakamakon MySQL tsaf zuwa fayil ta hanyar cron

Da farko, kada ka rubuta kalmar sirri ta MySQL a crontab, wato fayil ɗin da cron (mai gudanar da umarni da kansa a lokacin da ka tsara) yake karantawa. Buɗe fayil ɗin ~/.my.cnf, ka sa [client], a ƙarƙashinsa user da password, sannan ka kulle shi da chmod 600.

Bayan haka, ajiye tambayarka ta SQL (umarnin da ke ciro bayanan) a fayil daban, misali rahoto.sql, ka gwada ta da hannu tukuna.

Sai ka buga crontab -e ka ƙara wannan layi:

0 2 * * * /usr/bin/mysql -B -N shago < /srv/rahoto.sql > /srv/rahoto_$(date +\%F).tsv 2>> /srv/kuskure.log

Zai gudana kullum da ƙarfe 2 na dare. shago sunan database ne, sa naka a wurinsa. -B yana raba bayanai da tab ba tare da zanen akwati ba, -N kuma yana cire sunayen ginshiƙai. 2>> shi ke kai saƙon kuskure wani fayil, don kar ya ɓace.

Lura sosai da alamar \ da ke gaban %. Cron yana ɗaukar % a matsayin sabon layi, idan ka manta da ita sai umarnin ya yanke a tsakiya, ka wayi gari babu rahoto. Wannan ya taɓa cinye mini yini guda. Ka kuma rubuta cikakken adireshin kowane fayil da kowane umarni, domin PATH ɗin cron, wato jerin wuraren da yake neman umarni, gajere ne.