Kurakuran da sabon hannu ke yi wajen gina sabis na REST a kan WildFly

Wanda ya fara koyon gina sabis na REST, wato sabis na yanar gizo da manhajoji ke aika wa buƙata ta HTTP, a kan sabar WildFly mai gudanar da manhajojin Java, ba Java ce ta fi ɓata masa rana ba. Sau da yawa abin da ya rubuta daidai yake, sai dai darasin da yake bi da sabar da ya sauke ba zamaninsu ɗaya ba.

A 2017 kamfanin Oracle ya miƙa Java EE, wato tarin ƙa'idojin gina manhajojin sabar da Java, ga gidauniyar Eclipse, daga baya aka raɗa mata suna Jakarta EE. Da sigar 9 ta fito a 2020, sunayen fakitocinta da ke farawa da javax suka koma jakarta. WildFly 26 ita ce ta ƙarshe da ke aiki da tsohon sunan, daga 27 kuwa, wadda ta fito a 2022, sai jakarta. To intanet cike take da tsofaffin darussa, wasu ma tun lokacin da ake kiran sabar JBoss AS. Sai ka kwafo javax.ws.rs.GET, Maven, manhajar haɗa aikin Java, ya haɗa maka fayil ɗin WAR, wato ƙunshin da ake ɗora wa sabar, lafiya lau domin shi ma pom.xml, fayil ɗin saitin Maven, tsoho ne, ka buɗe adireshi, 404, amsar da ke nufin ba a samu shafin ba, ta tare ka. RESTEasy, wanda ke kula da REST a cikin WildFly, bai ga alamominka irin su @GET ba sam, don jakarta.ws.rs yake nema. Ka sauya sunayen duka, ka sa jakarta.jakartaee-api a pom.xml, kuma ka rubuta provided a scope ɗinsa. Wannan kalmar guda ɗaya ce ke hana Maven cusa fakitocin da sabar ta riga ta mallaka cikin WAR ɗinka, inda za su yi karo da nata.

Akwai wata 404 ɗin, ta mantuwa. Adireshin sabis kashi uku ne: sunan WAR, abin da ka sa a @ApplicationPath, sannan na @Path. In fayil ɗinka kasuwa-1.0-SNAPSHOT.war ne, to wannan dogon sunan ne zai shiga adireshin, ba kasuwa kaɗai ba. Sa finalName a pom.xml, ka zaɓa wa WAR ɗin sunan da kake so, ka huta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne rashin karanta server.log. Mutum ya jefa WAR cikin standalone/deployments, fayil mai ƙarewa da .failed ya fito kusa da shi, amma yana can yana sabunta burauza. Buɗe standalone/log/server.log, ka gangara zuwa Caused by na ƙarshe. A nan ainihin matsalar take, na sama duk rakiya ne.

In ka ga Address already in use, wani abu ya riga ka kama tashar 8080, galibi wata WildFly da ka manta ba ka kashe ba. Kashe ta, ko ka ƙara -Djboss.socket.binding.port-offset=100 ta koma 8180. In kuma wayarka ta kasa isa sabis ɗin, ai sabar 127.0.0.1, wato kwamfutarka ita kanta, kaɗai take sauraro sai ka tayar da ita da -b 0.0.0.0. Tashar 9990 ta gudanarwa kuwa, bar ta a rufe.

Amsar 415 na nufin ba ka sa Content-Type: application/json a buƙatarka ba, ko bai dace da @Consumes ba.

Sai ExampleDS, rumbun bayanan da ke zuwa da sabar. H2 ne, wani ƙaramin rumbun bayanai na Java, kuma a ƙwaƙwalwar kwamfuta yake zaune, ba a faifai ba. Ka kwana shigar da kaya, da safe ka sake tayar da sabar, ka tarar wayam. Ya isa gwajin rana ɗaya, amma da zarar bayanan sun fara yi maka amfani, girka direban PostgreSQL ka haɗa rumbunka na kanka.